Yadda ake barin ƙwari su cinye darɓa a garka

Da sanyi ya sauka a watan Nuwamba, aka dasa shu (kabeji) da salati da tattasai a fadamar Gulbin Maradi, tun daga Madarumfa da Jiratawa har Tibiri, darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ke fara shiga fangali. Za ka ga toho ya nannaɗe, ganye yana ƙyalli yana danƙo a hannu, tururuwa na hawa da sauka a jikin kara. Abin da akasarin masu garka ke yi shi ne su ɗauko famfo su cika da magani. Kwana goma ko sati biyu, darɓar ta dawo ta fi da yawa, a sake fesawa, a ƙara yawan maganin, kuɗi na tafiya.

Dalilin dawowar ba ɓoyayye ba ne. Maganin da ake saye a kasuwa, irin su piya-piya da dangin lamda, ba ya tantance ƙwaro. Yana kashe darɓa, yana kuma kashe ƙwarin da ke cin ta. To amma darɓa ta fi su saurin farfaɗowa nesa ba kusa ba. A ƙasa mai zafi irin tamu ba ta buƙatar namiji, ba ta ma yin ƙwai: uwar haihuwa take yi kai tsaye, ƴaƴan duk mata, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 su ma sun fara haihuwa. Uwa ɗaya tana iya zuba ƴaƴa 50 ko fiye kafin ta mutu. Kaɗan ɗin da suka laɓe cikin nannaɗaɗɗen ganye suka tsira sun isa su cika garka, alhali masu cin su sai sun yi makonni kafin su dawo. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Ga yadda ake juya lamarin, a bar masu cin darɓa su yi aikin.

Mataki na farko: ka san su da ido

Wannan ne ya fi kowane mataki cin lokaci, kuma wanda ya tsallake shi sauran ba za su amfane shi ba. Ka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka tsuguna gaban shukar da darɓa ta fi kamawa, ka juya ganye ka duba bayansa. In kana da waya mai kyamara, ka ɗauki hoto ka buɗa shi, za ka ga abin da ido bai gani ba.

Na farkon da za ka gane shi ne ƙwaron nan ɗan kumbure mai sheƙi, ja ko rawaya ko ruwan lemu, da ɗigo ko zane baƙi a baya, wanda malaman gona ke kira kwaksinel. Babba ɗaya yana iya cin darɓa wajen 50 a yini. Kowa ya san babban, amma ɗansa ne mutane ke kashewa da hannunsu don ba su gane shi ba. Ɗan ba ya kama da uwarsa ko kaɗan: dogo ne, baƙi ko toka-toka da ɗigon rawaya, ƙafa shida, jiki da ƙaya-ƙaya, sai ka ce ɗan kada da bai kai tsawon farce ba. Cikin sati biyu zuwa uku da yake yi kafin ya rikiɗa, yana cinye darɓa ɗaruruwa. Ƙwan kuwa rawaya ne, dogaye, a tsaitsaye, goma zuwa talatin ko fiye a wuri ɗaya a bayan ganye, kusa da tarin darɓa. In ka gan su kada ka murje.

A nan sai an yi hattara. Akwai wani ɗan'uwansa da ke zama kan kankana da kabewa da guna, launin jan ƙasa da ɗigo baƙi goma sha biyu, jikinsa ba sheƙi, yana da ɗan gashi laushi. Wannan ganye yake ci, yana kankare shi ya bar jijiyoyi kawai. Ɗansa rawaya ne da ƙayoyi masu rassa. In ka sami mai ɗigo zaune kan kankararren ganye ba darɓa kusa da shi, shi ne, ka tsince shi ka kashe.

Na biyu ƙuda ne mai zanen rawaya da baƙi, wanda yara ke ɗauka zuma ce su gudu. Ba ya harbi. Za ka gane shi da yadda yake tsayawa cak a iska gaban fure, sannan ya zabura gefe. Shi babban ruwan fure yake sha, amma yana ajiye farin ƙwai ɗai-ɗai a tsakiyar darɓa, tsutsar da ta fito ita ce mai aikin. Ba ta da ƙafa, kore ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, kanta tsini, takan ɗaga darɓa sama ta tsotse ta ta yar da fatar. Masu shu sukan ɗauka tsutsar da ke huda ganye ce. Bambancin: mai huda ganye tana da kai da ƙafafu kuma tana barin rami da kashi, wannan kuwa ba ta taɓa ganye, kullum cikin darɓa za ka same ta.

Na uku wani kore ne siriri mai fiffike huɗu shara-shara, wanda ke zuwa wurin fitila da dare. Ƙwansa ya fi na kowa sauƙin ganewa, don kowane ɗaya yana kan ɗan siririn zare a tsaye a jikin ganye. Ɗansa yana da ƙahonni biyu lanƙwasassu a baki da yake soke darɓa da su.

Na huɗu ba lalle ka gan ta ba, aikinta za ka gani. Ƴar ƙaramar rina ce baƙa, ba ta wuce milimita 2 ko 3 ba. Tana soka ƙwai ɗaya a cikin jikin darɓa, tsutsar ta ci ta daga ciki, darɓar ta kumbura ta bushe ta koma ruwan ƙasa ko ruwan zinariya, ta manne a ganye ba motsi. Bayan kamar sati biyu daga sa ƙwan, sabuwar rina ta huda ƴar ƙofa zagayayya a bayan ƙwanson ta fita. Mace ɗaya tana iya soke darɓa fiye da ɗari. Mutanen karkarar Maradi ba baƙin wannan dabara ba ne: cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ta daɗe tana kiwon wata ƴar rina ana kai ta ƙauyuka cikin ƴan buhuna, ana ratayawa a gonaki don ta kashe tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Waccan daban, ta darɓa daban, amma hanyar ɗaya ce, kuma ta darɓa ba sai an kawo maka ita ba, tana nan cikin ciyawar bakin garka.

Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi su ma suna taɓawa, a bar su.

Wanda yake son koyo da sauri, ya je wurin tumfafiya. Tana ɗauke da wata darɓa rawaya shar wadda ba ta damu da kayan garka ba, kuma da wuya ka duba tarinta ba ka ga ƙwai ko tsutsa ko busasshen ƙwanso ba. Ka dai kiyaye idonka da nonon tumfafiya, yana da haɗari.

Mataki na biyu: ka ajiye famfo, ka fara ƙirga

Sau biyu a sati, ka ratsa garkar a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ka duba shuka kamar ashirin, ba na bakin hanya kaɗai ba. A kowace ka duba toho da bayan ganye biyu ko uku. Tambaya biyu kake yi: darɓa na ƙaruwa ko raguwa? Masu cin ta suna nan ko babu?

In ka ga darɓa a shuka biyu ko uku cikin ashirin, kuma a tarin akwai ƙwai ko tsutsa ko ƙwanso, kada ka yi komai. Ka ɗaura tsumma a shukar ka dawo bayan kwana uku. Masu noman cikin gidajen gilashi a Turai suna da ƙa'idar da suke bi, cewa in darɓa ɗaya cikin goma ta zama busasshen ƙwanso, tarin ya kama hanyar ƙarewa, don da yawa cikin masu motsin ma an riga an soke su, ba su dai bushe ba tukuna.

Abin da ke da wuya a nan haƙuri ne. Masu cin darɓa kullum a bayanta suke zuwa, da sati ɗaya ko biyu, don ba sa ajiye ƙwai inda ƴaƴansu ba za su sami abinci ba. Wannan tazarar ita ce lokacin da zuciya ke raya maka ka fesa, maƙwabci kuma na leƙowa ta kan shinge yana cewa, "Malam, garkarka ta kamu fa." A ganina ɗan lanƙwashewar ganye a shuka biyar bai kai asarar da za ka yi in ka share garkar daga ƙwarin kirki tun farkon rani ba.

Wasu suna kafa faranti rawaya da aka shafa wa mai ko gam, don darɓa mai fiffike na son launin. Yana da amfani ka san ranar da ta fara shigowa, amma ɗaya ko biyu sun isa. In ka jera su da yawa, ƙananan rina da ƙudan fure su ma can za su ƙare.

Mataki na uku: ka raba ta da tururuwa

Danƙon da ke jikin ganye kashin darɓa ne, ruwa mai zaƙi, shi ne kuma baƙar funfuna ke tsirowa a kai ta rufe ganye. Tururuwa da kiyashi wannan zaƙin suke sha, saboda haka suna gadin darɓa: suna korar rina, suna kwashe ƙwan mai ɗigo, suna cizon tsutsotsi su jefo su ƙasa, wani lokaci har su ɗauki darɓar su kai ta sabon toho. Garkar da tururuwa ta yi wa yawa, ko ƙwarin kirki sun zo ba za su zauna ba.

Ka bi layinsu har ramin. In cikin fangali yake, ka tone da kalme ka cika da ruwa, ka maimaita kwana biyu ko uku har su tashi. Ka zagaye gindin tattasai ko yalo da busasshiyar toka, ka sabunta bayan kowane ban ruwa, don jiƙaƙƙiyar toka ba ta hana su. A itatuwa irin lemu da gwaba, ka naɗa leda a jikin kututture, ka shafa giris a kan ledar, ba a kan ɓawon ba, don yana ƙona shi. Sannan ka sare duk reshen da ya taɓa ƙasa ko shinge, in ba haka ba ta can za su bi.

Mataki na huɗu: ka ba su abin ci da wurin zama

Ƙudan fure da ƙananan rina, manyansu ba darɓa suke ci ba, ruwan fure da garinsa suke nema. Rinar da ta sami ruwan fure ta fi daɗewa a raye, ta fi kuma yawan ƙwai. Bakinsu gajere ne, don haka ƙananan furanni buɗaɗɗu suke iya sha. Anis ɗin da ake nomawa a Jiratawa yana cikin waɗanda suka fi dacewa, haka karas da aka bari ya yi fure, da albasar iri, da ɗoɗɗoya, da na'a-na'a. Ka ware layi ɗaya a bakin kowane fangali biyar ko shida, ka shuka su sati uku ko huɗu kafin dashen kayan garka, don fure ya riga darɓa isowa. Ko da ba ka yi haka ba, in ka cire salati ka bar gindi biyu ko uku su yi tsiri su fure.

Sai kuma masara ko dawa a kewayen garka. Amfaninsu biyu. Suna tare iskar hunturu da ƙurarta, ƙura kuwa tana hana ƙananan rina tafiya a kan ganye. Na biyu, suna da tasu darɓar, mai zama cikin kunnen masara da bayan ganyen dawa, wadda dangin ciyawa kawai take ci, ba ta zama kan tumatir ko shu. Ita ce ke riƙe maka masu ɗigo da rina a lokacin da fangalinka ke da tsabta, ranar da darɓar tattasai ta sauka tana tarar da su a wurin.

Taki ma yana da hannu. Uriya in ta yi yawa tana sa toho ya fito da laushi da ruwa, abin da darɓa ta fi so ke nan. Ka raba ta kashi biyu ko uku maimakon zubawa gaba ɗaya, ka fi dogara ga takin gida da ya ruɓe sosai. Shukar da ƙishirwa ta kama ita ma ta fi saurin jigata.

Mataki na biyar: ka ɗauko su da hannu in sun yi jinkiri

A Holan da Kenya akwai kamfanonin da ke kiwon waɗannan ƙwari suna sayarwa cikin kwalabe. Mu nan gonar wake da bakin masara da ciyawar gefen gulbi sun wadatar. Ka nemi wurin da ba a fesa magani ba, ka je da sassafe da gwangwani ko roba mai murfi da aka huhhuda. Ƴaƴan za ka ɗauko, ba manyan ba. Babba yana da fiffike, kana sakin sa zai iya tashi ya koma garkar wani, ɗan kuwa inda ka ajiye shi nan zai ci. Kada ka kama su da yatsa, ka yanko ganyen da suke kai. Kada kuma ka tara su da yawa a roba ɗaya ko ka bar su su wuni ciki, don in yunwa ta kama su junansu suke ci. Da yamma bayan ban ruwa ka ɗora ganyen a kan shukar da ta fi kamuwa, biyu ko uku a kowace.

Ƙwanson rina ma haka. Ka zaɓi ganyen da ke da busassun darɓa waɗanda ba su da huda tukuna, ka sa a ƴar roba buɗaɗɗiya, ka rataye ta a inuwa cikin shukar inda ruwa da tururuwa ba za su kai ba. Cikin ƴan kwanaki za su fito.

In gidan raga ne

Masu renon dashe da masu tumatir da tattasai cikin gidan raga ko na leda, matsalarsu ta fi tsanani. Ragar da ke tare darɓa tana tare masu cin ta. Ranar da uwar darɓa ɗaya ta shiga, a jikin dashe ko a rigar mai aiki ko ta yagewar raga, ba abin da zai tsayar da ita, ga ɗumi, ba iska ba ruwan sama. Don haka ka duba kowane dashe kafin ya shiga, ka ɗinke duk wata huda, ka yi ƙofa biyu in da hali, ka cire ciyawa ciki da kewaye.

Sannan ka shigar da masu cin ta da kanka, tun kafin ka gan ta. Ka shuka dawa ko masara ko alkama da kauri a tukwane ko bokitai. In sun kai taƙi ɗaya, ka ɗora musu ganyen dawa mai darɓa daga waje, bayan sati ka ƙara ganye mai ƙwanson rina. Ka ajiye tukwanen tsakanin layuka, ka riƙa shuka sababbi duk sati biyu kusa da tsofaffin don darɓar hatsin ta ƙaura kafin su bushe. Tukunya ɗaya ta ɗoɗɗoya mai fure a gefe za ta ciyar da manyan. Daga watan Maris, in zafi ya tsananta, ƙwarin kirki suna wahala a ciki, sai an sa inuwa a rufin an kuma bar iska ta ratsa.

In abin ya fi ƙarfinsu

Akwai lokacin da jira ba shi da amfani: dashe ƙanana da ba su wuce ganye huɗu ba, shu da ya fara naɗe kai, don in darɓa ta shige ciki ba mai iya cim mata, ko kuma ka duba ka ga fiye da rabin shukar ta kamu ba ko tsutsa ɗaya. A nan sai ka rage ta da kanka, amma ta hanyar da ba za ta share garkar ba.

Ka fara da hannu da ruwa. Ka tsinke tohon da ya fi lalacewa, ka duba ko akwai tsutsar kirki ka mayar, sauran ka binne. Ka watsa ruwa da ƙarfi a bayan ganye da safe, darɓar da ta faɗo da yawa ba ta komawa. Shi ya sa ma ruwan sama mai ƙarfi ke rage ta a gonar wake da damina, ta dawo in an yi fari na kwanaki.

In bai isa ba, sai ruwan sabulu: giram 10 zuwa 15 na sabulun wanki na sanda, a kankare a narkar cikin lita ɗaya ta ruwa. Ban da garin wanki, yana ƙona ganye. Sabulu sai ya taɓa jikin darɓa yake kashe ta, in ya bushe kuma ya gama aiki, don haka ƙwaron da ya zo washegari ba abin da zai same shi. Ka gwada a shuka biyu tukuna ka ga ko ganyen ya jure.

Na gaba ƴaƴan dogon yaro. A ɓare busassu, a daka ƙwayar giram 500, a jiƙa cikin lita 10 ta ruwa ya kwana, a tace da tsumma mai laushi, a ƙara ɗan sabulu, a fesa a ranar, da yamma, don rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashewa nan take, yana hana ci da girma ne, sai bayan kwana uku ko huɗu za ka ga bambanci. Ya fi maganin kasuwa sauƙi ga ƙwarin kirki, amma tsutsar da ya jiƙa kai tsaye tana jin jiki. Saboda haka ko sabulu ko dogon yaro, shukar da ta kamu kaɗai za ka fesa, ka tsallake wadda ka ga ƙwai da tsutsa a kai, ka kuma bar layin fure da masarar shinge. In ta kai ga maganin kanti, ka je wurin malamin gona ya nuna maka wanda kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel ya amince da shi don kayan garka, ka kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da ɗiba.

Abu ɗaya ne ƙwarin nan ba za su yi maka ba: ba sa hana cutar da darɓa ke ɗaukowa a baki. Darɓa mai fiffike tana iya sauka kan tattasai ko kankana, ta ɗanɗana na ƴan daƙiƙu, ta bar cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance, tun kafin wani ya kama ta. Feshi ma ba ya riga ta. Dattawan Maradi suna tuna 1975, shekarar da baƙar darɓa ta yaɗa kuturtar gujiya a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, gonaki suka tashi ba amfani. Maganin irin waɗannan cututtuka daban ne: a rufe gadon dashe da raga har ranar dasawa, a tumɓuke shukar da ta nuna alama a binne ta nesa, a cire gyauron gujiya da wake da ke tsirowa a fadama da rani don a kansu darɓar da cutar ke ƙetare shekara, a kuma shuka gujiya da wuri, kusa da kusa, ta rufe ƙasa, don mai fiffike ta fi sauka inda ta hango shuka jefi-jefi a fili.

Ranar da ka gama ɗibar fangali, kada ka tattara karan ka cinna wuta nan take. Ka tara shi a gefen wanda bai ƙare ba ya kwana biyu, tsutsotsi da manyan da ke jiki su sauka su haye sabon, sannan ka kai wa dabbobi ko ka zuba a ramin taki. Wanda cutar dabbare-dabbare ta kama kam, a fitar da shi daga garkar a ranar.